Yadda Ake Gwada Aikin Bitamin C a Kan Radikal a Ɗakin Gwaje-gwaje

Ɗalibai masu aikin binciken kammala karatu da malaman kimiyya sun yi ta turo mini tambaya guda, kowa da irin tasa sigar: an ce bitamin C na kashe radikal, to ta yaya mutum zai gwada haka da hannunsa, har ya samu lambar da zai rubuta a rahoto? Wasu sun riga sun yi gwajin DPPH, wani radikal mai launin shunayya da ake saye a kwalba, lambobin suka fito musu a birkice. Wasu kuma sun samu lambobi masu kyau, amma suka rubuta cewa sun gwada radikal na oksijin, alhali ba shi suka gwada ba.

Gwaji biyu za mu yi. Na farko yana auna yadda bitamin C ke bayar da ilektron. Na biyu yana haɗa shi da radikal na oksijin na gaske, wato haidiroksil, kuma a nan ne za ku ga cewa idan akwai ƙarfe a cikin ruwan, bitamin C kan iya zama shi ne mai hura wutar.

Abu ɗaya kawai nake so ku riƙe kafin mu fara. Radikal sinadari ne mai ilektron guda da ba shi da abokin zama, don haka yake fizgar na duk abin da ke kusa da shi. Bitamin C kan miƙa masa ilektron ɗaya, shi ma ya koma radikal da ake kira askobil, amma mai sanyin hali, saboda ilektron ɗin da ya rage ya bazu a kan atom da yawa. Idan askobil biyu suka haɗu, ɗaya ya koma bitamin C, ɗayan ya zama DHA, wato bitamin C da ya rasa ilektron biyu. A jimlace ke nan, kowace ƙwayar bitamin C ilektron 2 take bayarwa. Da wannan lamba 2 za ku binciki aikinku a mataki na 7.

1. Kayan aiki, da inda kuɗin ke tafiya

Na'urar auna shan haske, wato spektrofotomita, ita ce mai tsada a duk aikin, kuma ba a sayenta don gwaji ɗaya. Ku nemi izinin amfani da ta makaranta ko ta wani ɗakin gwaje-gwaje, ku kama lokaci tun kafin ku haɗa ko da sinadari ɗaya, domin yawancin abin da za ku haɗa ba ya kwana. Na biyu a tsada shi ne ma'auni mai iya karanta miligiram 0.1. Bayan su sai fifet masu ɗaukar mililita 0.1 zuwa 1 da 1 zuwa 5, kwalaben awo masu zobe a wuya na mililita 10, 50 da 100, bututun gwaji kamar 40, ƙananan kofunan na'ura na gilas, takardar aluminiyam, ma'aunin pH, da bahon ruwan ɗumi mai riƙe zafi a digiri 37.

Sinadaran gwajin farko uku ne: garin bitamin C zalla, wato asid askobik, da DPPH, da metanol. Na gwaji na biyu sun fi yawa: deoksiribos (wani nau'in sukari), FeCl3·6H2O (gishirin ƙarfe), EDTA (mai riƙe ƙarfe a narke cikin ruwa), H2O2 (haidirojin feroksaid), KH2PO4 (garin fosfet), KOH, NaOH, manitol, sodiyam askobet (gishirin bitamin C), TBA (asid tayobabiturik, mai fitar da launi) da TCA (asid tiraikuloroasetik).

DPPH da deoksiribos ne masu tsada a kowane giram, amma kaɗan ake ɗiba. Giram 1 na DPPH zai yi haɗi kusan 50 irin wanda ke mataki na 4, don haka ɗaliban sashe guda su haɗa kuɗi su sayi kwalba ɗaya. Abin da ke ƙarewa da sauri ba tare da an lura ba shi ne metanol.

Gargaɗi: kada ku daka ƙwayar bitamin C ta kantin magani ku mayar da ita ma'aunin kwatanci. Akwai sitaci da abin ɗaure ƙwaya a cikinta, wata ma da launi da zaƙi, kuma ba ku san ainihin nauyin bitamin ɗin da ya rage a ciki ba. Ana iya gwada ƙwayar a matsayin samfuri, amma ma'auni sai gari zalla. Garin ma ku dube shi: fari ne tas. In ya fara komawa rawaya, ya sha iska da danshi, ku ajiye shi.

2. Wanke kwalabe da gwada ruwa

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke ɓata aiki a ɓoye. Bitamin C a cikin ruwa mai tsabta yakan jima bai lalace ba. Amma ɗan ɓurɓushin ƙarfe ko tagulla, wanda ido ba ya gani, ya isa ya sa iskar da ke cikin ruwan ta cinye shi kafin ku gama jera bututu.

Ku jiƙa duk kayan gilas a cikin HCl mai ƙarfin mola 1 su kwana, ku ɗauraye su sosai da tataccen ruwa, ku kife su bushe. Kada a juya ruwan bitamin da cokalin ƙarfe. Ku yi amfani da sandar gilas ko ta roba.

Sannan ku haɗa ruwan daidaita tsami, wanda masu aikin ke kira bafa: giram 0.68 na KH2PO4 a cikin mililita 80 na tataccen ruwa, a ɗiga KOH a hankali har ma'aunin pH ya nuna 7.4, a cike zuwa mililita 100. Ƙarfinsa milimola 50 ke nan.

Idan na'urarku na karanta hasken UV kuma kuna da kofin kwaz, wato wanda hasken UV ke ratsawa, akwai hanya mai sauƙi ta gane ko bafar ta gurɓata. Ku zuba mililita 2.7 na bafa, ku ƙara 0.3 na sabon ruwan bitamin C mai ƙarfin milimola 1, ku karanta a nanomita 265. Lambar za ta tsaya kusa da 1.45. Ku bar shi minti 15 ku sake karantawa. Bafa mai tsabta kusan ba za ta motsa lambar ba. In kun ga tana zamewa ƙasa kuna kallo, akwai ƙarfe a ciki, kuma sau da yawa daga garin fosfet ɗin kansa yake fitowa. Maganinsa shi ne a jiƙa bafar da ƙwayoyin Chelex su tsotse ƙarfen, a tace, a sake duba pH.

Gargaɗi: kofin gilas ko na roba na yau da kullum ba ya barin hasken nanomita 265 ya ratsa. In babu na kwaz, ku bar wannan gwajin. Bututun C a mataki na 9 zai tona asirin bafar ko ta yaya.

3. Haɗa ruwan bitamin C

Ku auna miligiram 100 na garin, ku narkar a metanol cikin kwalbar awo ta mililita 100. Ku ɗebi mililita 10 daga ciki ku cike da metanol zuwa 100. Yanzu kuna da maikurogiram 100 a kowace mililita. Na san wasu littattafan aiki kan ce a auna miligiram 10 kai tsaye. Ban yarda da hakan ba, domin kuskuren ma'auni na miligiram 0.2 a kan 10 kashi 2 cikin 100 ne, a kan 100 kuwa bai taka kara ya karya ba, kuma garin bitamin C shi ne mafi arha a cikin kayan.

Daga wannan ruwan ku zuba mililita 0.4, 0.8, 1.2, 1.6 da 2.0 a kwalaben awo biyar na mililita 10, ku cike kowacce da metanol. Kun samu maikurogiram 4, 8, 12, 16 da 20 a mililita. Ku naɗe su da takardar aluminiyam, ku sa a cikin ƙanƙara ko firiji, ku yi aiki da su a ranar.

Gargaɗi: metanol guba ne. Kaɗan daga cikinsa in an sha yana makantarwa, kuma yana ratsa fata. Safar hannu, gilashin ido, akwatin janye hayaƙi ko taga a buɗe, kuma babu wuta kusa. Ba a tsotsar fifet da baki ko da wasa.

Gargaɗi na biyu: waɗanda suka saba auna bitamin C kan ƙara asid metafosforik don ya hana shi lalacewa. Dabara ce mai kyau a wurinta, amma ban da nan. Tsami yana rage saurin haɗuwar DPPH da masu ba shi ilektron, ya karkatar da sakamakon.

4. Haɗa DPPH

DPPH baƙin gari ne da ke ba da ruwa mai launin shunayya mai duhu. Ku auna miligiram 19.7, ku narkar a metanol zuwa mililita 50, wato milimola 1. Yana da jinkirin narkewa, ku yi ta girgizawa, ku ɗaga kwalbar ku leƙa gindinta ko akwai sauran ƙwayoyi. Ku ɗebi mililita 10 ku cike zuwa 100. Wannan mai ƙarfin milimola 0.1 shi ne na aiki.

Ku karanta shi a nanomita 517, bayan kun sa na'urar a sifili da metanol zalla. Ya kamata ku ga lamba tsakanin 1.0 da 1.2. In ta yi ƙasa sosai, garin ya tsufa ko bai gama narkewa ba.

Gargaɗi: haske na kashe DPPH. Ku naɗe kwalbar tun kafin ku zuba metanol, kada ku yi aikin a bakin taga inda rana ke faɗowa. Mai ƙarfin milimola 1 zai iya ɗan kwana a firiji cikin duhu. Na aikin kuwa, sabo ake yi kullum.

5. Haɗawa da jira

A kowane bututu ku zuba mililita 1 na ruwan bitamin, sannan mililita 3 na DPPH, ku girgiza, ku rufe. Kowane ƙarfi bututu uku. Ku ƙara wasu uku na kwatanci, waɗanda a cikinsu metanol zalla mililita 1 ya maye gurbin bitamin. Bututu 18 ke nan. Ku sa su a durowa mai duhu minti 30.

Da bitamin C, launin kan sauya tun kuna girgizawa, daga shunayya ya yi ta kodewa zuwa rawaya. Minti 30 ɗin al'ada ce da aka ɗora saboda sinadarai masu jinkiri, irin waɗanda ake samu a ruwan tsirrai. Duk da haka ku kiyaye ta, musamman in za ku kwatanta bitamin da wani samfuri, domin dole kowane bututu ya samu lokaci daidai da ɗan'uwansa. Hanyar ita ce ku zuba DPPH a bututu ɗaya duk bayan daƙiƙa 30, sannan ku karanta su a jere da wannan tazarar.

Gargaɗi ga masu samfurin da ke cikin ruwa: DPPH ba ya narkewa a ruwa. In ruwan da ke cikin bututu ya kai kusan rabi, sai ya dunƙule ya yi gajimare, na'urar ta ba da lambar ƙarya. Rabon 1 da 3 da na bayar yana kare ku daga wannan.

6. Karantawa

Ku kunna na'urar minti 15 zuwa 20 kafin lokaci fitilarta ta daidaita. Sifili da metanol, nanomita 517. Bututun kwatanci ya kamata su ba da kimanin 0.8 zuwa 0.9. Ku fara da mafi kodewa ku tafi zuwa mafi duhu, ku ɗauraye kofin da ɗan ruwan da za ku karanta, ku goge gefensa mai santsi da takarda mai laushi. Ku karanta bututun kwatanci ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe. In sun yi nisa da juna, haske ya shiga ko metanol ya tsere ta bakin bututu.

Samfuri mai launin kansa yana buƙatar bututu na daban: mililita 1 na samfurin da 3 na metanol, babu DPPH. Lambarsa ake cirewa daga ta samfurin. Bitamin C ba shi da launi, bai buƙatar wannan.

7. Lissafi, da binciken kai

Ku cire lambar bututun bitamin daga ta kwatanci, ku raba da ta kwatanci, ku ninka da 100. A matsayin misalin lissafi, in kwatanci ya ba da 0.860, bututun maikurogiram 12 ya ba da 0.480, bambancin 0.380 ne, wato an kashe kashi 44 cikin 100 na radikal. Ku yi wa sauran haka, ku zana jadawali, ƙarfin bitamin a kwance, kashin da aka kashe a tsaye, ku ja miƙaƙƙen layi. Inda layin ya ratsa 50 shi ne IC50, wato ƙarfin bitamin da ke kashe rabin radikal ɗin.

Yanzu ga amfanin lambar nan 2. A kowane bututu akwai maikuromol 0.3 na DPPH. Rabinsa 0.15 ne. Tunda ƙwayar bitamin ɗaya tana kashe DPPH biyu, maikuromol 0.075 ake buƙata, kuma da yake nauyin mol ɗaya na bitamin C giram 176.12 ne, hakan ya zama maikurogiram 13.2. To IC50 ɗinku ya kamata ya faɗo kusa da maikurogiram 13 a mililita. Kun san amsar tun kafin ku taɓa fifet, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake sa bitamin C a matsayin ma'auni. In kun samu 25, bitamin ɗinku ya lalace ko an yi kuskure wajen sirkawa. In kun samu 7, ku koma kan DPPH, akwai yiwuwar ya yi rauni, kuma lambar kwatancinku za ta nuna haka.

Gargaɗi: akwai hanya biyu ta faɗin wannan lamba. Maikurogiram 13.2 a mililita ƙarfin ruwan da kuka ɗiba ne. A cikin bututu bayan an haɗa, an sirka shi sau 4, ya koma 3.3. Duk biyun daidai ne, amma dole ku faɗi wanda kuke nufi. Rikicin da ɗalibai ke shiga wajen kwatanta lambarsu da ta wasu, yawancinsa daga nan yake.

Kuma kada ku tsammaci kashi 100. Rawayan da ya rage yana ɗan shan haske a 517, don haka layin kan kwanta a sama da 90. Duk ɗigon da ya faɗa inda layin ya kwanta, ku cire shi daga lissafin miƙaƙƙen layi.

Abin da kuka gwada zuwa nan shi ne kyautar ilektron. Ilektron ɗin DPPH mara aboki a kan naitirojin yake zaune, kuma DPPH radikal ne mai haƙuri da ke iya zama a kwalba wata da watanni, babu irinsa a jikin ɗan'adam. Haidiroksil kuwa ba ya kai ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kafin ya afka wa abin da ya tarar. Ba a ajiye shi, sai dai a ƙirƙire shi a cikin bututu a ga ɓarnar da ya yi.

8. Kayan gwaji na biyu

Dabarar ita ce: ƙarfe mai caji 2 in ya haɗu da H2O2 yakan fasa shi ya fitar da haidiroksil, abin da ake kira haɗin Fenton. Haidiroksil ɗin ya farfasa sukarin deoksiribos, gutsattsarin kuma in an dafa su da TBA su ba da launin ruwan hoda. Yawan launi, yawan ɓarna.

Duk waɗannan a tataccen ruwa ake haɗa su, kuma a ranar aiki:

Deoksiribos, miligiram 37.6 a mililita 10. FeCl3·6H2O, miligiram 27 a mililita 100. EDTA mai sodiyam biyu, miligiram 39 a mililita 100. H2O2, mililita 1.1 na mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, a cike zuwa 100. Bitamin C, miligiram 17.6 a mililita 100, wato milimola 1. Sodiyam askobet, miligiram 198 a mililita 10, wato milimola 100. Manitol, giram 0.91 a mililita 10. TCA, giram 2.8 a mililita 100. TBA, giram 1 a mililita 100 na ruwan da aka narkar da giram 0.2 na NaOH a ciki, a ɗan ɗumama don ya narke.

Ku haɗa ruwan ƙarfen da na EDTA daidai wa daida a kwalba guda tun kafin su ga bafa. In ƙarfen ya shiga fosfet shi kaɗai, zai kwanta a gindi ya fita daga aikin.

Babban gargaɗi: kada ku ɗauko ruwan bitamin na mataki na 3 ku zuba a nan don tsimin lokaci. Metanol da kansa yana kama haidiroksil, kuma yawansa a bututun ya ninka na sukarin sau ɗaruruwa. Duk bututun za su fito fes, ku yi murna cewa bitamin ya kare sukarin, alhali metanol ne ya yi aikin. Haka etanol, haka DMSO. Ko fifet ɗin da ya taɓa metanol, ku canja bakinsa.

TCA na ƙona fata, H2O2 mai ƙarfin kashi 30 ma haka. In shi kuke da shi, ku fara sirka shi sau 10.

9. Jera bututu, da wanda ke shiga ƙarshe

Kowane bututu zai samu mililita 0.4 na bafa da 0.1 na deoksiribos. Sauran rabin mililitar ga yadda za a raba ta, kowane harafi bututu uku:

A: ƙarfe da EDTA 0.2, H2O2 0.1, ruwa 0.2. Babu bitamin.
B: ƙarfe da EDTA 0.2, H2O2 0.1, ruwa 0.1, bitamin mai milimola 1, 0.1.
C: H2O2 0.1, ruwa 0.3, bitamin mai milimola 1, 0.1. Babu ƙarfe.
D: kamar B, amma manitol 0.1 a madadin ruwa.
E: ruwa 0.5 kawai, na sa na'ura a sifili.
F: kamar B, amma sodiyam askobet mai milimola 100 a madadin bitamin mai milimola 1.

F na buƙatar abokin rakiya, bututu irinsa sak amma da ruwa a gurbin deoksiribos, domin a cire duk launin da askobet mai yawa zai iya bayarwa shi kaɗai idan an dafa. Dalilin amfani da gishirin sodiyam a F kuwa shi ne, asid askobik mai wannan ƙarfi zai rinjayi bafar ya saukar da pH.

Bitamin ne ke shiga ƙarshe, domin shi ne ke tayar da haɗin. Da zarar ya shiga, ku girgiza, ku sa a bahon digiri 37, awa ɗaya.

10. Fitar da launi da fassara shi

Ku ƙara mililita 1 na TBA da 1 na TCA a kowane bututu, ku ɗora murfi sakwa-sakwa, ku tsoma a tafasasshen ruwa minti 15 zuwa 20, dukkansu lokaci guda. Ku sanyaya a ruwa, ku karanta a nanomita 532, sifili da E.

Gargaɗi: kada a toshe bakin bututu gam a tafasasshen ruwa, kuma kada a bar shi a hangame ruwan ya ƙafe launin ya ƙara duhu. Wasu kan ɗora ƙwallon gilas a baki, yana yin aikin da kyau.

B ne zai fi kowa launi. A, wanda ba shi da bitamin, zai fito da ɗan launi kaɗan. Wannan kan girgiza ɗalibi a karon farko, ya zaci ya sauya lakabin bututu. Bai sauya ba. Ƙarfen da kuka zuba mai caji 3 ne, kuma a haka yana da nawa wajen fasa H2O2. Bitamin C ya ba shi ilektron ya mayar da shi mai caji 2, ya fasa H2O2, ya koma mai caji 3, bitamin ya sake ba shi. Halin kyautar da ya kodar da DPPH shi ne dai yake juya wannan injin. Masu wannan gwaji ma da gangan suke zuba bitamin C a ciki don ya samar musu da haidiroksil.

C zai fito kusan babu launi, domin bitamin C da H2O2 ba sa wani abin kirki da juna in babu ƙarfe a tsakani. H2O2 kansa ba radikal ba ne, ko da yake ana lissafa shi cikin sinadaran oksijin masu ɓarna. In C ya yi launi sosai, bafarku ko kwalabenku na da ƙarfe, ku koma mataki na 2. D zai yi ƙasa da B nesa ba kusa ba, kuma shi ne shaidarku cewa haidiroksil ne ya yi ɓarnar, tunda manitol sananne ne wajen kama shi.

F ne ke amsa tambayar da aka fara da ita. Askobet yana haɗuwa da haidiroksil da saurin da ya fi na deoksiribos kusan sau uku da rabi, amma a B sukarin ya fi shi yawa sau 28, don haka kusan kashi 9 cikin 10 na radikal ɗin a kan sukari suke sauka. A F lamarin ya juye. Askobet ya kai milimola 10, sukari yana nan a 2.8, H2O2 kuma bai ƙaru ba, saboda haka yawancin haidiroksil ɗin da aka samar askobet ne zai tare su, kuma ana sa ran launin ya sauka ƙasa da na B. Wanda ke da lokaci ya saka wasu bututu a tsakani, milimola 0.5, 1 da 5, ya nemo inda layin ya daina hawa ya fara gangara. A ganina wannan jadawalin ya fi IC50 goma daraja a rahoto, domin yana nuna cewa rabon bitamin da ƙarfe ne ke yanke hukunci.

Kada wani ya ɗauki bututun B ya je yana tsoratar da mutane da bitamin C. A cikin jini da ƙwayoyin jiki, ƙarfe a ɗaure yake a jikin furotin irin su tiransferin da feritin, ba a sake yake ba kamar a bututunku. Masu cutar taruwar ƙarfe a jiki ne ake ja wa kunne kan shan bitamin C mai yawa, kuma wannan maganar likita ce.

11. Rahoto da zubar da sinadarai

A rahoton DPPH ku rubuta ƙarfinsa, rabon haɗi, ruwan da aka narkar da shi, lokacin jira, lambar kwatanci, da kuma ko IC50 na ruwan da aka ɗiba ne ko na cikin bututu. Ku ba da matsakaicin bututu uku tare da tazarar da ke tsakaninsu. In kun gwada wani samfuri, ku faɗi ƙarfinsa a matsayin miligiram na bitamin C da ya yi daidai da giram 1 nasa, domin wannan lambar ta fi IC50 jure bambancin ɗakunan gwaji. Kalmar radikal na oksijin kuwa ku ajiye ta ga sakamakon mataki na 10 kaɗai.

Ragowar DPPH da metanol su shiga kwalbar sharar sinadarai masu kama wuta, a rubuta suna a jiki. Ruwan TBA da TCA kwalbarsu daban, kada a haɗa su da ta metanol, kuma babu wanda za a tuttular a magudanar wanke hannu. Kofunan na'ura ku ɗauraye su da metanol nan take, domin DPPH in ya bushe a jikin gilas yakan bar tabon da zai ƙara wa mai aiki na gaba lamba a 517.